Yadda Alau Ya Koyi Fita Waje

Masu iya magana sun ce, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mun sha nazarin wannan karin magana a aji, mun rarrabe sassansa, mun fito da darasin da ke cikinsa. Sai dai akwai tambayar da ban taɓa jin an yi ba, wato yaya za a yi da wannan bawan Allah mai gudun tsumma? A bar shi ya ƙare rayuwarsa yana gudu, ko kuwa akwai hanyar da za a bi a sulhunta shi da tsumman? 'Yar amsar da nake da ita a wurin wani ɗan kare na samo ta, kuma ita nake so in gutsura wa 'yan'uwana ɗalibai a wannan fitowa ta mujallarmu. Na san wani zai ce, duk abin rubutun da ke garin Yerwa a rasa wanda za a ɗauka sai kare? To, mai karatu ya yi haƙuri ya biyo ni.

Duk mazaunin wannan gari bai manta ranar Talata, 10 ga watan Satumba, 2024 ba, ranar da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya tumbatsa ya shigo mana gari tun kafin asuba. Ruwan ya mamaye Fori da Gwange da Gamboru, ya shiga babbar kasuwar Monday Market da fadar Shehu da asibitin koyarwa na jami'armu, ya kuma hallaka akasarin dabbobin gidan namun daji na Sanda Kyarimi. Manya sun ce rabon da a ga irinsa tun na shekarar 1994. Gidanmu a Gwange yake, don haka da kayan jikinmu kawai muka fita, muka fake a gidan kawuna a Bulumkutu. Bayan kamar mako biyu muka koma kwashe laka. A ranar ce ƙanena, wanda a lokacin yake aji biyar na firamare, ya ji wani ɗan siririn kuka a bayan garun maƙwabta da ya rushe. Da ya leƙa sai ga ɗan kwikwiyo ja, wanda bai fi mako shida da haihuwa ba, jikinsa duk taɓo, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa. Babu uwa, babu 'yan'uwa. Allah kaɗai Ya san yadda aka yi ya rayu.

Mu ba masu kiwon kare ba ne, don haka Baba ya ce a mayar da shi inda aka ɗauko shi. Kaka ce ta sa baki. Ta dubi Baba ta ce, "Ruwan da ya ci raguna ya ci bango, ya bar wannan ɗan tsurut, kai ne za ka kore shi? Ka manta labarin mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa?" Baba ya yi shiru, domin ba a musu da Kaka. Daga baya ya tambayi malaminsa, ya tabbatar masa cewa ajiye kare don gadin dabbobi halas ne, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki har sau bakwai. Tunda dama Baba na da niyyar sake sayen ragunan kiwo a madadin waɗanda ruwa ya tafi da su, sai ya gindaya sharaɗi: ya zauna a wajen turke, kada ya shiga ɗaki, kuma kaskonsa daban. Ƙanena ya raɗa masa suna Alau, wai don ruwan Alau ne ya kawo shi.

Watanni huɗu suka wuce muna fama da gyaran gida. Alau ya murmure, amma bai yi wani girma ba, har yanzu ko gwiwata bai kai ba. A cikin gida shi ne sarki, yana bin kaji, yana wasa da ƙanena, yana yi wa ƙadangaru haushi. Amma da zarar an buɗe ƙofar zaure, ƙarar Keke Napep ta shigo, sai ya ruga ya shige bayan randa. Wata rana a cikin watan Janairu na 2025 aka aiko wata ƙaramar yarinyar maƙwabta gidanmu. Tana shigowa ta nufi wajen randar nan ba ta sani ba, ya kasance shi kuma babu ta inda zai gudu. Sai ya bankare leɓe, ya fito da haƙora yana gurnani. Yarinya ta kurma ihu, uwarta ta shigo da mayafi a hannu. Bai cije ta ba, amma maganar ta zaga layinmu kafin magariba. Washegari ƙanena ya ɗaura masa igiya a wuya don ya fita da shi ya saba da mutane. Igiyar na taɓa shi ya baje a ƙasa, ya saki fitsari, yana wani irin kuka kamar ana yanka shi.

A daren nan Baba ya kira mu ya ce, "Karen da ke tsoron kowa, shi ne mai cizon kowa. Na ba ku daga nan zuwa ƙaramar Sallah. In bai zama abin da za a riƙe a fita da shi ba, zan ba masu zuwa ƙauye su tafi da shi." Dukanmu mun san ma'anar wannan magana, domin ɗan kare matsoraci ba zai yi kwana uku a daji ba. Abin da ya fi damuna shi ne ƙanena. Tun bayan ambaliya yaron nan ba ya barci sosai, ko yayyafi aka fara sai ya tashi zaune, kuma ba abin da ke sa shi dariya irin Alau. Ya biyo ni ɗaki ya ce, "Yaya, ka yi wani abu." Muna da kamar mako goma ke nan.

Ina da wani aboki da ke karatu a tsangayar likitancin dabbobi ta jami'armu, shi na nufa. Ya ce kafin a yi maganar fita, sai an yi wa Alau allurar rigakafin haukan kare, wadda akan fara yi tun kwikwiyo na wata uku. Ya shaida mini cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wannan ciwo na kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta hanyar cizon kare, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Idan alamun ciwon suka bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi. Don haka duk wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan ya garzaya asibiti a ranar. Na kawo wannan ne don mai karatu ya san tsoron da uwar yarinyar nan ta ji yana da dalili. Abokina ya zo da likitan da yake koyon aiki a wurinsa, aka yi wa Alau allura a gida.

Bayan an gama muka zauna a zaure, ya yi mini bayanin tushen matsalar. Ya ce kwikwiyo na da wani ɗan taƙaitaccen lokaci, daga mako 3 zuwa kamar mako 12 da haihuwa, wanda duk abin da ya gani ko ya ji a cikinsa cikin kwanciyar hankali yakan ɗauke shi ba komai ba har tsufansa. Wasu masana biyu a Amurka, John Paul Scott da John Fuller, sun shafe shekaru suna nazarin wannan, suka wallafa sakamakonsu a 1965. Shi kuwa Alau, farkon wannan lokaci a cikin ruwa da yunwa ya yi shi, ƙarshensa kuma a bayan rufaffiyar ƙofa. Bugu da ƙari, kunnen kare na jin siraran sautukan da namu ba ya kaiwa gare su, don haka titin da mu muke ji da hayaniya kawai, a wurinsa kasuwar maƙera ce. Na tambaye shi, ashe ke nan ƙofa ta rufe? Ya ce ba ta rufe ba, sai dai ta yi nauyi. Ya ba ni labarin wata masaniyar halayyar ɗan'adam, Mary Cover Jones, wadda a 1924 ta yi aiki da wani yaro mai suna Peter, ɗan kusan shekara uku, mai tsananin tsoron zomo. Takan ba shi abincin da yake so alhali zomon na can nesa a keji. Kullum sai a ɗan matso da kejin, har ranar da yaron ya miƙa hannu ya shafa zomon da kansa. Abokina ya ce, "Dabarar ke nan, malam, babu wata. Nisa, da abinci, da haƙuri. Kuma ko kusa kada ka ja shi."

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta saɓa da shawarar kowa a unguwa. Wani ya ce a ja shi da ƙarfi zuwa bakin titi a ɗaure shi a can wuni guda, dole ya saba. Wani ya ce a riƙa zane shi in ya yi gurnani. Amma in mutum ya yi tunani, wanda ake ja zuwa wurin abin da yake tsoro, abin tsoronsa ya zama biyu ke nan, ga abin, ga kuma mai jan. Gurnani kuwa sallama ce irin ta kare, yana cewa ne a tsaya daga nan. Wanda ya dake shi don ya yi gurnani, ya koya masa ya daina gargaɗi, gobe sai cizo ba sallama.

Da igiyar muka fara. Na kai madaurin wata tsohuwar jakar makaranta wurin tela, ya ɗinka mana wata 'yar ɗamara mai zagaye ƙirji da kafaɗu, don kada wuya ya ɗauki nauyin ja. Kwana uku ba mu sa masa ba, sai dai mu ajiye ta da igiyar kusa da kaskonsa lokacin cin abinci. Ranar farko ya ƙi ci sai da muka matsar da su nesa. Rana ta uku yana ci yana taka igiyar da ƙafa. Na je kasuwar kifi ta hanyar Baga na sayo bandar tarwaɗa, muka cire ƙayar tsaf, muka gutsuttsura ta ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa. Wannan kifi ba a ba shi a kowane lokaci sai lokacin darasi. Ya shinshina ɗamarar, ya samu gutsure. Ya sa kai a ciki, ya samu gutsure. Cikin mako guda yana yawo a tsakar gida da ita, igiyar na jan ƙasa a bayansa, ƙanena na biye da shi don kada ta sarƙe.

Mako na biyu muka koma zaure. Bayan sallar asuba, kafin gari ya tashi, nakan buɗe ƙofa in zauna a dokinta da littafina, igiya a hannuna sako-sako, ba na kiransa, ba na ma dubansa. Yakan leƙa ya koma, ya sake leƙawa ya koma. Rana ta biyar ya sa ƙafa ɗaya a waje, ya tsaya yana shaƙar iskar hunturu, sannan ya ruga ciki. Na bar shi ya ruga. Na lura cewa duk ranar da ya tabbatar hanyar komawa a buɗe take, washegari yakan ƙara taku biyu ko uku a kan na jiya.

Tsakanin ƙofarmu da babban titi akwai bishiyoyin dogonyaro guda bakwai, su muka mayar ma'auni. Tun da aka hana acaɓa a 2011, Keke Napep ce ta cika titunan Yerwa, kuma ita ce babbar dodon Alau. A gindin bishiya ta farko ana hango kekunan can nesa. Da zarar ɗaya ta gifta ya ɗaga kai ya gan ta, sai in miƙa masa kifi. In ta ɓace, kifi ya ɓace. Abokina ya jaddada mini cewa kada a sauya wannan jeri, keke ce farko, kifi na biye, har ya zamana ganin keke na yi masa albishir da kifi. Yadda kuwa nake gane mun yi kusa da yawa abu ne mai sauƙi: in ya ƙi karɓar kifin, tsoro ya fi ƙarfin ciki, sai mu ja da baya zuwa bishiyar da muka baro. Ba ma wuce minti biyar zuwa goma a waje, kuma mukan koma gida tun yana cikin walwala.

A nan ne na fara koyon wani harshe da babu shi a manhajar sashenmu. Kowa ya san kare mai tsoro yakan cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, amma kafin a kai ga haka akwai ƙananan alamu. Yakan lashi hanci ba tare da ya ci komai ba, ya yi hamma ba don barci ba, ya lafe kunnuwa, ya kau da kai yana satar kallo har farin idonsa ya bayyana, ko ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya ya ƙame. Duk wanda ya karanta waɗannan da wuri ya ba shi sarari, ba zai ji gurnani ba. Haka kuma na koyi in bar shi ya yi shinshine-shinshinensa a gindin kowace bishiya, ko da zai ɗauki lokaci, domin ta hanci yake sanin waɗanda suka wuce da waɗanda ke zaune a layin, kuma ina ganin jikinsa na saki duk lokacin da yake yi.

Fita da kare a igiya a unguwa irin tamu na buƙatar ladabi. Mutane da yawa ba sa son kare ya matso kusa da tufafinsu, musamman masu alwala, kuma haƙƙinsu ne. Don haka ba ma bi ta gaban masallaci, in kuma na hango dattijo tafe sai in tsallaka ɗaya gefen in gajarta igiya, in gaishe shi daga nesa. Wannan ya yi wa dattijon daɗi, ya kuma yi wa Alau daɗi, tunda shi ma nisan yake so. Babban aikin yana wurin yara. A garin nan da wuya yaro ya ga kare bai duƙa neman dutse ba, shi ya sa ko sunkuyawa mutum ya yi don gyara takalmi sai karnukanmu su arce. Ƙanena ne ya shawo kan wannan. Ya tara abokansa ya ba su labarin inda aka tsinci Alau, kuma kusan kowannensu ruwan nan ya kore shi daga gida. Ya ce duk mai son taimakawa ya tsaya daga nesa, ya juya gefe, kada ya ƙura masa ido, ya wurga gutsuren kifi a ƙasa ya yi tafiyarsa. Yaran da a da suke jifa da dutse suka koma jifa da kifi. Ita kanta yarinyar da ya tsorata, da izinin uwarta, ta zo ta wurga nata daga bayan yayanta.

Azumi ya kama a farkon watan Maris muna bishiya ta biyar. Zafi ya fara, kuma mai karatu ya san zafin Yerwa, wanda kan haura digiri 40 in bazara ta tsaya. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake sanyaya jikinsa, ga shi kuma ba takalmi. Nakan ɗora bayan hannuna a kan rairayi, in ban iya jurewa ba, to tafinsa ma ba zai jure ba. Saboda haka muka tsaya a kan fitar asuba, wadda ta dace da mu ƙwarai, domin bayan sahur da salla gari kan koma barci.

Wata safiya, saura kamar mako biyu Sallah, tayar wata babbar mota ta fashe a bakin titi. Alau ya yi tsalle ya nemi tsinke igiya, ɗamarar tela ce ta riƙe shi. Na juya muka nufi gida yana gaba ina biye. Amma kafin in juya, na ga matan da ke layin famfo duk sun durƙushe, wata ta jefar da bokitinta, mai shayin bakin titi kuwa ya shige bayan teburinsa. Da aka gane taya ce sai kowa ya tashi yana kaɗe jiki yana dariyar yaƙe. Mai shayin ya dubi Alau da ke kakkarwa ya ce mini, "Ɗan samari, kada ka ga laifinsa, mu ma haka muke." Gaskiya ya faɗa. Duk wanda ya zauna a garin nan daga 2009 zuwa shekarun da suka biyo baya ya san yadda jiki kan riga hankali jin ƙara. Ba wanda zai ce matan nan ragwaye ne, kuma ba wanda zai warkar da su da tsawa.

Kwana uku Alau bai yarda ya ƙetare dokin ƙofa ba. Ƙanena ya karaya, ya ce, "Yaya, aikinmu ya rushe." Na ce masa mu koma zaure mu sake farawa. Abin mamaki, tafiyar da ta ɗauke mu mako shida a karon farko, a kwana shida muka maimaita ta. Ashe abin da ya koya yana nan, tsoro ne kawai ya lulluɓe shi na ɗan lokaci.

Tunda mujallar ɗaliban harshe ce wannan, bari in faɗi wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Ni Babarbare ne, da Barbarci na buɗe baki, Hausa kuwa a layi da makaranta na same ta. A harshenmu kare shi ne kəri, in kuma za a ce zo, sai a ce are. Kaka da are take kiran Alau, ni da ƙanena kuwa da zo, kuma duka yana amsawa. Amma na gwada na gani, in na faɗi kalmar da murya mai kaifi yakan tsaya cik, in na sassauta murya ko wace kalma na faɗa yakan taho yana kaɗa wutsiya. Igiyar ma haka take. In na hango keke na ɗaure hannu, nan take shi ma jikinsa zai ɗaure, kamar na gaya masa ga masifa tafe. In na sake ta, sai ya dube ni ya ci gaba da tafiya.

Wannan ya sa na tuna ƙannenmu 'yan aji ɗaya da suka zo daga gidajen Barebari da Babur da Margi da Shuwa. Barbarci ba ya bambanta namiji da mace a nahawunsa, babu kuma ƙ da ɗ da ɓ a cikinsa. Ɗalibin da ya taso da irin wannan harshe, in aka tsayar da shi gaban aji ya ce ya a wurin ta, aka kwashe da dariya, ba lalle ya sake ɗaga hannu ba har ƙarshen zango. Na san waɗanda suka iya rubutu ƙwarai amma ba a taɓa jin muryarsu a aji ba. Irin wannan ɗalibi, in ya sami abokin da zai yi hira da shi su biyu a gindin bishiya, ya gyara masa a hankali ba a gaban jama'a ba, gobe su zama uku, jibi su zama biyar, wata rana da kansa zai miƙe a taron ƙungiya. Ina roƙon 'yan'uwanmu da suka sha Hausa a nono su riƙa sassauta wa irin waɗannan igiya.

Ana jibi Sallah, Baba ya ce in ɗauko kare mu fita. Yana gaba muna biye har bishiya ta bakwai. Kekuna uku suka wuce a jere, Alau ya lafe kunne, ya matso jikin ƙafata, ya ɗaga kai yana jiran haƙƙinsa. Wani almajiri ya gifta da robarsa, ya bi shi da ido kawai. Baba bai ce komai ba, muka koma gida. Da yamma ya dawo daga kasuwa da wani ƙulli a takarda, ya miƙa wa ƙanena ya ce, "Ungo, ka cire ƙayar da kyau." Ba a sake tayar da maganar ƙauye ba. Da shekara ta zagayo lokacin sabunta allurarsa ya yi, shatar Keke Napep muka ɗauka zuwa asibitin dabbobi, yana zaune tsakanin ƙafafun ƙanena.

Ba zan ce Alau ya zama jarumi ba. Har yau in aka yi tsawa ko jirgin sama ya yi ƙasa-ƙasa, bayan randa yake nufa, mu kuma mukan bar shi har ya fito don kansa. Baƙo ma ba ya yarda ya taɓa shi, kuma ba ma tilasta masa. Amma yana fita, yana dawowa, bai taɓa cizon kowa ba, yana kuma sanar da mu duk motsin da aka yi a wajen raguna da dare. Ƙanena na barci yanzu, ko da ana ruwa.

Daga ƙarshe, shawarata ga duk wanda ke da matsoraci a hannunsa, dabba ce ko mutum, ita ce ya fara daga inda mai tsoron ke iya tsayawa, ya haɗa abin tsoron da abin daɗi, ya bar masa hanyar komawa a buɗe, in an sami koma-baya kuma ya sake farawa ba tare da faɗa ba. Mai gudun tsumma ba a jefa masa shi a wuya. A shimfiɗa shi can nesa, a zauna tare da shi ana hira, gobe a ɗan matso. Hausawa dai sun riga sun gama magana da suka ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Allah Ya ba mu haƙuri da masu rauni, Ya kuma zaunar mana da garinmu lafiya, amin.